Layin da Aka Bari a Buɗe

Da hantsi wayar Mai Guga ta ɓace, kuma kafin rana ta take kowa a jerin shagunan nan ya gama yanke hukunci cewa Mai Caji ne. Ba wanda ya gan shi da ita. Amma mutumin ya taɓa zaman gidan yari, kuma wayar kowa ta hannunsa take bi, to a wurin mutanen layin magana ta ƙare.

Shaguna huɗu ne ƙarƙashin rufi ɗaya: na wanki da guga, na Tela, na Mai Aski, sai ɗan akurkin Mai Caji a ƙarshe. A bayansu akwai fili mai igiyoyin shanya, da tankin ruwa, da bayi guda na kowa da kowa.

Aka aika wa yayan Mai Guga. Mai Sawu ake ce masa, don a ƙuruciyarsa shanun sata yake bi a daji, ya dubi ƙasa ya gaya maka ko ɓarawon gurgu ne ko a gajiye yake. Yanzu furfura ta cinye kansa, gadi yake yi a wani kamfani, amma ko babur aka sace ko akuya shi ake nema. Mutum ne mai zuciya, kuma bai cika son a koya masa aikinsa ba.

Ya tarar da ƙanwarsa zaune a kan ƙullin kayan wanki tana kuka, Tela na riƙe da kafaɗarta. Mai Aski, abokinsa na shekara da shekaru, yana tsaye ya rungume hannu. Mai Caji kuwa daga bakin ƙofa ya tsaya yana ta rantse-rantse, ba mai kallonsa.

"Yaya, na shiga uku," in ji ta. "Kuɗin aikin 'Yar Lele duk suna cikin asusun nan."

'Yar Lele ita kaɗai Allah ya ba ta. Tana kwance a asibiti da ƙari a cikin kai, ƙarin yana danne mata gani. Likitan da zai yi aikin baƙo ne, zuwa yake yi ya tafi, kuma an gaya wa uwar ƙarara cewa idan kuɗi ba su shiga kafin ƙarshen mako ba, wani yaron za a ba gurbin.

Tela ta ce, "Ni dai a ganina a je a rufe layin yanzu yanzu, a kira banki su ma su rufe."

Mai Sawu ya harare ta. "Idan kuka rufe layin kun share mini sawu. Wayar ba a kulle take ba? Ku bar shi a buɗe zuwa gobe. Ɓarawon zai kunna ta, ina da wanda zai gano mana inda take. Kafin gobe war haka ina riƙe da wuyansa."

"Maganarka dutse," in ji Mai Aski. "Mai aiki ya zo, kowa ya kama bakinsa. Taso ma in rage maka sumar nan ka huce, ka zama kamar tsohon rago."

Har dariya Mai Sawu ya yi. Ya bi shi shago ya zauna a kujera, injin aski na kuka a bayan kunnensa, yana ta ba da labarin wata saniya da ya taɓa bi har ƙetaren kogi.

*

Washegari da safe suka je banki, don zuciyar Mai Guga ta ƙi kwanciya. Ma'aikaciyar ta daɗe tana kallon na'urarta kafin ta ɗago.

"Babu komai a ciki, Hajiya. Jiya da yamma aka kwashe, kashi-kashi. Har bashi aka ci da sunanki."

"Amma wayar a kulle take," in ji Mai Sawu.

"Baba, ba ruwan ɓarawo da wayar. Layin yake nema. Ya zare shi ya sa a ƙaramar waya, duk saƙon da muka turo shi zai gani. In ya san lambar sirri kuwa an gama. Da kun kira mu jiya da mun rufe asusun kafin ku ajiye waya. Kuma da ta sa wa layin kansa makulli, da ko ya zare bai amfane shi ba."

Ta ce kuɗin wani asusun caca aka tura, wanda aka buɗe da sunan Mai Guga ɗin ma. Za su bincika, amma bincikensu ba na yau ko gobe ba ne. Mai Sawu ya sa ta karanta masa lokacin da aka fara cira, ta karanta.

A hanya ƙanwarsa ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Sai da suka kusa shago ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Kai ka ce a bari."

Kunya ta taso masa ta rikiɗe ta zama wata baƙar zuciya da rabonsa da ita tun yana daji. Ya yi wa kansa alkawari cewa hannun da ya danna lambobin nan sai ya karya shi yatsa-yatsa.

*

Kafin su iso labari ya riga su, kuma matasan layin sun riga sun yi wa Mai Caji lilis. Mai Sawu ya same shi a akurkinsa, ido ɗaya a kumbure, yana tattara igiyoyin caji da aka watsar.

"Wa ya sa su?"

"Abokinka mana. Shi ya tsaya a tsakiyar titi yana cewa kuɗin marar lafiya na ci."

"Ka ci?"

Mai Caji ya tofar da jini. "Baba, jiya kana shiga aski na kai kaina ofishin 'yan sanda, don na ga take-taken mutanen nan. Suka karɓe wayata da bel ɗina suka zaunar da ni a benci har rana ta faɗi. Je ka tambaye su."

"Ka san lambar sirrinta?"

"Wa bai sani ba? Ka taɓa duba hannun ƙanwarka? Sabulu ya cinye zanen yatsunta, wayar ba ta gane su. Kullum kuma hannun a jiƙe. In za ta tura kuɗi sai ta ƙwala kira, wanda ke kusa ya zo, ita tana faɗa shi yana dannawa. Ni na sani, Tela ta sani, Mai Aski ya sani. Da bangon nan na da waya da shi ma ya tura."

Mai Sawu ya je ofishin 'yan sanda, aka tabbatar masa da maganar. A hanyar dawowa wani abu ya tsaya masa a rai. Waya ta ɓace da hantsi, amma kuɗi ba su motsa ba sai da yamma. Ɓarawon titi ba ya jira, sauri yake kafin a rufe layi. Wannan kuwa ya ɓoye wayar ya zauna yana tsoro, sai da aka tabbatar masa ba za a rufe ba sannan ya miƙe ƙafa. Kuma da bakin Mai Sawu aka tabbatar masa, a cikin ɗaki, a gaban mutum huɗu. Ɗaya mai kuɗin ce, ɗaya yana hannun 'yan sanda, saura biyu.

*

Ya shiga filin baya ya tsuguna. Ruwan wanki ya sa ƙasar wurin kullum a jiƙe take, irin ƙasar da yake so. Ya ware sawun ƙanwarsa mai zuwa igiya ya dawo, ya ware na mai kawo ruwa. Sai ga wani sawu ya bar hanyar bayi ya zaga bayan tanki, inda ba abin da zai kai mutum. Ya bi shi har bakin kwata. A nan mai sawun ya durƙusa, ga gurbin gwiwa ɗaya.

Murnarsa ba ta je ko'ina ba. Sawun na silifas ɗin bayi ne, tsohon silifas da ake ajiyewa a ƙofar baya kowa ya zura.

Ya ɗaga murfin kwatar ya zura hannu. A wani lungu da ruwa bai kai ba ya taɓo abu a naɗe cikin ƙyalle. Wayar ce. Ƙyallen yankin sabon yadi ne, kuma a ɗan ramin da ake sokawa a fito da layi ga kan allura ya karye ya maƙale.

Bai yi sallama ba ya faɗa shagon Tela, ya dangwara mata ƙyallen a kan keke.

"Na wa ne?"

"Nawa ne. Ragowar rigar wata ce." Ta dubi wayar, ta dubi fuskarsa, sai ta miƙe. "Au, ni kake nufi? Ni da na ce a rufe layin ka harare ni kamar na zagi mahaifinka?"

"Mai wayo ma zai faɗi haka."

"To ka ji da kyau, Yaya. Buhun ƙyalle na nan a ƙofa, kowa na ɗiba. Gwangwanin karyayyun allurai na kusa da shi. Ni na yi wa 'Yar Lele rigarta ta farko, da hannun nan. In ka ga dama ka kira duniya, amma fita mini daga shago."

Ya fita, amma bai wanke ta ba. A ransa ya riga ya fara auna wuyan hannunta. Mai Aski na zaune a ƙofar shagonsa yana goge inji, ya girgiza kai cikin jimami.

"Mata ke nan, abokina. Ni ban so in faɗa ba, amma kwanan nan tana yawan maganar sabon keke."

*

Abin da ya hana Mai Sawu komawa ya kama Tela shi ne tsohuwar ɗabi'arsa ta daji: ba ya nuna mutum sai ya ga ƙarshen sawu. Ya kai wayar kasuwa wurin wani mai gyara, ya ce a buɗe masa ramin layin a gabansa.

Mai gyaran ya sha fama, don kan allurar ya toshe ramin. "Wanda ya karya allurar nan shi ya rufe na ƙarshe, Baba. Ba wanda ya sake buɗewa." Da ya samu ya zaro ɗan farantin da layi ke zama a kai, ya sa shi ƙarƙashin fitila da gilashin ƙara girma, sai ya yi tsaki. "Layi dai babu. Sai ƙazanta. Maiƙo ne da gashi."

"Kar ka hure!"

Mai Sawu ya karɓi gilashin ya duba. Wasu 'yan guntayen gashi ne, gajeru ƙwarai, yankan inji, sun manne a jikin farantin da wani mai. Ya kai hanci ya shinshina. Ya san warin nan, duk mako yana jin sa a bayan kunnensa. Kuma gashin fari ne tas.

Mai gyaran ya dubi kansa ya yi dariya. "Baba, kamar naka."

Nasa ne. Jiya shi kaɗai ne mai furfura da ya zauna a kujerar nan, kuma ya tuna yana tashi Mai Aski ya ce bari ya zaga baya ya wanke hannu. Ashe bai wanke ba, zumuɗi bai bar shi ba. Da gashin abokinsa a yatsunsa ya zare layin.

Mai Sawu ya daɗe a zaune a bencin mai gyara. Wato yana kwance a kujera, wuyansa a miƙe, yana ba da labarin saniya, mutumin nan yana shafa masa kai yana lissafin kuɗin 'Yar Lele.

*

Da yamma ya tara su a shagon wanki, ya turo ƙofa. Mai Guga na bayan teburin guga, dutsen guga na kan wuta. Tela ta zauna ta juya masa ƙeya. Mai Caji ya raɓe a lungu. Mai Aski ya shigo da fara'arsa yana cewa, "To, yau dai za a ji."

"Za a ji," in ji Mai Sawu.

Ya fara da Mai Caji, ya ce hannunsa fes yake, kuma duk wanda ya dake shi sai ya zo ya ba shi haƙuri a gaban mutane. Ya juya ga Tela ya ce ƙyalle nata ne, allura tata ce, amma wanda ya ɗauke su so yake a ce ita ce. Ya nemi gafararta. Ba ta juyo ba.

Sannan ya warware wata farar takarda a kan tebur, ya ajiye farantin layin, ya miƙa wa ƙanwarsa gilashin.

"Me kika gani?"

"Gashi. Fari."

"Shinshina."

Ta shinshina, ta ɗago a hankali ta dubi Mai Aski.

"Haba!" in ji shi. "Gashi kuma? Iska ma tana kwasar gashi. Shagona na nan kusa, wa ya san ta inda ya shiga?"

"Iska ba ta buɗe waya ta shafa mata man inji ta mayar ta rufe," in ji Mai Sawu. "Kawo ƙaramar wayarka. Ko ka goge saƙonnin, kamfanin layi sun san wayar da layin ya kwana a ciki. Gobe 'yan sanda za su tambaye su. Kai ka zaɓa, ka faɗa mini ko su faɗa mini."

Mai Aski ya dubi ƙofa, ya ga Mai Caji ya riga ya jingina da ita. Sai ya durƙusa a gabansu.

"Wallahi aro na yi. Caca na sa, wasan tabbas ne, kowa ya ce za a ci. Na ce in ninka in mayar mata kafin ta sani, har da ƙari. Da na farko ya tafi sai na ce in bi shi da na biyu. Abokina, ka san ni."

"Nawa ya rage?" in ji Mai Guga.

Ya sunkuyar da kai. Babu ko sisi.

Mai Sawu bai san lokacin da ya damƙi hannun Mai Aski ba. Ya shimfiɗa shi a kan teburin guga, ya danne wuyan hannun, ya ɗauko dutsen guga daga kan wuta. Mai Aski na ihu yana kiran sunan Allah. Tela ta rufe fuska. Mai Caji kam bai ko ƙifta ba.

"Ajiye, Yaya."

"Ki bar ni."

"Na ce ka ajiye. Kana so ka huce ne don kanka ya yi sanyi, ni kuma me na samu? Ƙuna warkewa take." Ta ɗauki mayafinta. Fuskarta a bushe take kamar allo. "Ɗazu asibiti suka kira a wayar Tela. Sun ba wani yaron gurbin. Likitan ba zai dawo ba sai baɗi, in idon ya kai. Ni kuma ban gaya wa 'Yar Lele ba, bakina ya kasa. Shi zai gaya mata."

"Ki yi wa Allah," in ji Mai Aski. "Ku kai ni wurin 'yan sanda. Ku ƙona hannun."

"Duk za a kai ka," in ji ta. "Tashi."

*

Ɗakin yara na asibitin yana warin magani. 'Yar Lele na zaune a gado ta jingina da filo, idanunta a buɗe suna kallon gefen ƙofa. Ba ta gane fuska yanzu sai an matso sosai, amma kunnenta garau yake. 'Yan sanda biyu da Mai Caji ya kirawo suka tsaya a baranda.

"Umma? Da wa kika zo?"

"Da kawunki. Da wani kuma."

Mai Sawu ya tura Mai Aski gaba har gwiwarsa ta daki ƙarfen gadon. Yarinyar ta miƙa hannu ta lalubi rigarsa, ta shinshina, sai fuskarta ta washe.

"Baffa Mai Aski! Na ji warin man nan. Baffa, nas ta ce kafin aiki sai an aske mini kai duka. Na ce ni ba wanda zai taɓa mini kai sai kai, don kai ba ka yanka mutum. Ka zo da injin?"

Mai Aski ya yi ƙoƙarin ja da baya, ya ji hannun Mai Sawu a ƙeyarsa kamar ƙarfe.

"Tambayarka take," in ji Mai Sawu a hankali.

"Baffa, me ya sa kake rawar jiki? Gobe ne aikin, ko?"

Mai Guga ta jawo kujera ta zauna a gefen gadon, ta kama hannun 'yarta ɗaya ta riƙe cikin nata.

"Saurara da kyau, 'Yar Lele," in ji ta. "Baffanki zai gaya miki dalilin da ya sa ba gobe ba ne. Fara daga farko, Baffa. Kar ka tsallake komai."